HURUMIN HANYA: TSARIN GINE-GINEN KASUWANCI A BAKIN TITIN KANO ZUWA DAURA



Mai yiwuwa ne wasunku su yi mamakin yadda aka ɗora wa malamin Hausa maganar tsarin gari, alhali kuwa ga injiniyoyi da safiyoyi da lauyoyi zaune a wannan zaure, waɗanda aikinsu ke nan. Hujjata ita ce, dokokin da za mu tattauna a kansu yau da Turanci aka rubuta su, amma mutanen da suke hawa kansu, watau mai shayi da mai faci da mai tireda da mai gidan mai, da Hausa suke ciniki, da Hausa kuma suke sayen fili. Abin da nake so in nuna shi ne cewa muna da sunan wannan doka a harshenmu tun kafin zuwan Bature, kuma rashin kiranta da sunan nan yana cikin dalilan da suka sa ake gini bana a rushe baɗi.

Bari mu fara da hanyar kanta. Babbar hanyar Gwamnatin Tarayya wadda ta tashi daga Kano, ta bi ta Ɗambatta, ta ratsa Kazaure, ta wuce Daura har Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, ita ce jijiyar wannan yanki na arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Roni da Gwiwa suna yamma da ita, hanyoyinsu kuwa rassa ne da suke zubowa cikinta. Babura tana gabas, a kan tata hanyar wadda ta fito daga wajen Kunya ta nufi Babban Mutum. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, Kazaure kuwa tana cikin garuruwan da aka tsara wa tasha. A watan Janairu na 2023 kuma aka ƙaddamar da aikin mai da hanyar nan tagwaye, kilomita 132 daga Dawanau zuwa Kwangwalam, bisa yarjejeniyar cewa kamfanin BUA zai yi aikin a madadin harajin da zai biya. Kowa ya san abin da irin wannan shela take haifarwa. Kafin katafila ta iso, dillalan filaye sun riga ta, gonar da take bakin hanya kuma ta daina zama gona a idon mai ita, ta koma fuloti.

Abin Da Muka Gada

Kalmar da nake nufi ita ce hurumi. Asalinta Larabci ne, daga tushen da ya ba mu haram da harami, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Hurumin gari shi ne filin da aka keɓe kewaye da gari, ba mai nomawa, ba mai ginawa, domin amfanin kowa. Rijiya tana da huruminta, maƙabarta tana da nata, haka masallacin Idi. Sa'an nan kalmar tana da ma'ana ta biyu, wadda muke ji a bakin alƙalai, in an ce wa mutum, wannan ba huruminka ba ne, watau ba ka da ikon sa baki. Ina roƙon ku riƙe ma'anonin nan guda biyu, domin dukan matsalar bakin titi tana tsakaninsu ne: nawa ne faɗin filin da aka keɓe, wane ne kuma yake da ikon tsare shi.

Garin Bahaushe na dā bai zauna kara zube ba. Majema da marina ana kai su gefe saboda wari da ruwan baba, maƙera tana da wurinta saboda wuta, mahauta suna ƙarƙashin Sarkin Pawa. Fatake in sun sauka, zango aka tanadar musu, ga Sarkin Zango, ba a bar ayarin jakai ya kwana a kan gwadabe ba. Cikin kasuwa ma kowace haja da layinta, kamar yadda ake gani a Kurmi ta Kano, wadda tarihi ya danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A karkara kuwa akwai burtali, hanyar shanu tsakanin gonaki, wanda duk manomin da ya ci shi da garma ya san zai amsa kira a ƙofar dagaci.

Shari'a ta zo ta ƙarfafa wannan. Ya tabbata a hadisi cewa in an yi saɓani a kan faɗin hanya, sai a bar mata kamu bakwai, malaman Malikiyya kuwa sun hana mutum ya ɗebi wani abu na hanyar jama'a ya shigar cikin gininsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da abin da ba a mallaka domin hurumi ne. Kamu bakwai, watau wajen mita uku da rabi, ya ishi dabba da kayanta ta wuce, wannan shi ne awon zamanin raƙumi. Da abin hawa ya sauya, dole awo ya sauya, amma hukuncin yana nan inda yake.

Turawa da suka zo sun kawo nasu tsari, sai dai da wata manufa. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta kasa garuruwa aji uku, tsarin lokacin kuma ya bukaci a bar fili fetal na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai saboda sauro da cuta. Kamfanonin ciniki aka yanka musu filaye a wajen gari, inda suka kafa kantuna. Har yau akwai unguwa a Kazaure mai suna Kanti, sunan kuwa ya isa shaida cewa ciniki ya fita daga cikin gari ya bi hanyar mota. A 1946 aka kafa dokar tsara birni da karkara, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila. Illar da wannan zamani ya bar mana, a ganina, ita ce talaka ya ɗauka tsarin gari wani abu ne na hukuma da ake korarsa da shi. Ya manta cewa kakansa ne ya fara barin burtali.

Wa Ke Da Hurumi?

To, yanzu me doka ta ce? Bisa dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 da ƙa'idojin da aka yi a ƙarƙashinta, ba a gini cikin ƙafa 150 daga tsakiyar hanya, dama da hagu. Ƙafa 150 yadi 50 ke nan, ko mita 45.72. In an haɗa gefe biyu, kowace kilomita guda ta hanya tana riƙe da fili sama da hekta 9, a kilomita 132 kuwa abin ya ɗan haura hekta 1,200. Wannan shi ne hurumin hanya, Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ce kuma mai shi.

Amma ƙasar da take bayan wannan layi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ta amana a hannun Gwamnan jiha. Shi ke ba da takardar mallaka a inda aka ayyana birni ne, shi ne kuma mai ayyanawar. Inda ba birni ba, ƙaramar hukuma ce take ba da izinin zama na gargajiya. Game da izinin gini, Gwamnatin Soja ta kafa dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya a 1992, amma a 2003, cikin ƙarar da Jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin gari aikin jihohi ne. Saboda haka a Jigawa wannan nauyi yana kan ma'aikatar ƙasa ta jiha da Hukumar Raya Birane. Daɗin daɗawa, Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da shaguna da tireda da gidajen abinci da allunan talla. Ga kuma dagaci da mai unguwa, waɗanda doka ba ta ba su ikon raba ƙasa ba, amma a zahiri su ne shaidun kusan kowane cinikin fili a ƙauye.

Mu ɗauki misalin wani mutum, mu ce ya tara 'yan kuɗinsa daga noman riɗi ko cin rani, yana son ya kafa shago a bakin titi kusa da Kazaure. Ya sayi fili daga mai gona, aka rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, shaidu suka dangwala. Ya yi gini, ba wanda ya ce masa kanzil. Da ya buɗe shago, sai ga ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo karɓar kuɗin shiga, ya yanka masa rasit mai tambarin gwamnati. Shekara biyar yana biya, yana adana rasit a cikin leda. A tunaninsa, kuma wa zai ga laifinsa, hukuma ta san da zamansa ta kuma yarda. Ran nan sai ya wayi gari ya ga jan fenti a bangonsa. In ya kai kuka, za a gaya masa cewa rasit ɗin haraji ba izinin gini ba ne, takardar mai unguwa ba takardar mallaka ba ce, filin kuwa tun 1971 na hanya ne. Dokar 1978 ta tanadi diyya ga mai haƙƙin zama wanda aka karɓe wa fili saboda amfanin jama'a, diyyar ma ta gini da shuka ce, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya yi gini cikin hurumin hanya ba da izini ba kuwa, ba shi da bakin magana a gaban doka, sai dai in an tausaya masa.

Kowace hukuma a cikin labarin nan ta yi abin da yake huruminta, shi kaɗai ne ya yi asara. Kada kuma a zaci takarda ma tana hana rigima in gwamnati ta sauya. Mun ga abin da ya faru a Kano a watan Yuni na 2023, sa'ad da sabuwar gwamnati ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi a zamanin wadda ta gabace ta, bisa hujjar cewa filin na jama'a ne, daga baya kuma kotun tarayya ta ce a biya masu shagunan diyya. Ko wane gefe mutum ya tsaya a wannan shari'a, dukiya ta riga ta zama ƙasa.

Dalilin Barin Fili

Wani zai ce, to me ya sa sai yadi 50? Na farko dai domin faɗaɗawa, ga shi kuwa lokacinta ya zo. Na biyu domin rai. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda. Kafin direba ya ga yarinya mai tallar gyaɗa ta ɓullo daga bayan tirela, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ya riga ya shafe fiye da rabin faɗin hurumin nan. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce, amma in shaguna sun jeru tun daga nesa da gari har bayansa, direba ba ya sanin inda gari ya fara, ko kuwa jama'a su gaji su zuba tudun rage gudu kowane taku ɗari, hanyar da aka kashe biliyoyi domin sauri ta koma lungu. Duk wanda ya bi ta Tafa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko Marabar Jos, ya ga yadda manyan motoci suke mai da titi masauki. Ku lura ma da sunayen irin waɗannan wurare, Marabar kaza, Kwanar kaza, kamar Kwanar Ɗangora. Harshe da kansa yana gaya mana cewa hanya tana haifar gari, ko an shirya masa ko ba a shirya ba.

Ba na son in tayar da mikin da bai warke ba, amma ba zai yiwu a yi wannan magana a Jigawa a tsallake Majiya ba. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a garin, cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Dalilan wannan musiba suna da yawa, talauci yana ciki, amma tana tuna mana irin kayan da suke bin hanyoyinmu da dare, da kusancinsu da inda mutane suke kwana. Tsoffin ƙa'idojin hukumar man fetur sun ce famfon gidan mai ya nisanci bakin titi da mita 15, a kuma bar mita 400 tsakanin gidan mai da ɗan'uwansa. Na bar wa kowa ya auna da idonsa in ya fita.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. A Ingila, bayan yaƙin duniya na farko, gine-gine sun riƙa bin sababbin hanyoyi a jere kamar zare, har majalisarsu ta kafa doka a 1935 musamman domin hana hakan. Sa'ad da nake karatu a can, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 'yar ƙaramar hanyar da ake shimfiɗawa a gefen babba, shaguna su fuskance ta, mota kuma ba ta shiga babban titi sai ta ƙofa ɗaya. Amurka kuwa, wadda birnin Niyok ya fara kasa filayenta shiyya-shiyya a 1916, Kotun Ƙolinsu ta kuma halatta hakan a 1926, garuruwanta da yawa sun yi kuskuren ayyana dukan bakin titi wurin kasuwanci, suka sami kantuna mil bayan mil, kowanne da tasa mashiga. Wannan kuskure ne mai sauƙin kwaikwayo, domin yana kawo kuɗin fuloti nan da nan.

Garuruwan Nan Huɗu

Bukatarsu ba ɗaya ba ce. Kazaure ita ce mai gaggawa. Duwatsu da madatsar ruwa sun takura mata wajen faɗaɗa, ga fadar masarauta, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ɗalibanta masu neman ɗaki da abinci, ga tagwayen hanya da tashar jirgi suna tafe. Filin da yake tsakanin tasha da titi, nan ne kasuwar gobe za ta zauna, ko an so ko ba a so ba. In ba a yanka shi yanzu ba, da layuka da magudanan ruwa da wurin tsayawar mota, dillalai za su yanka shi da igiya, su bar lungun da ko kura ba za ta shiga ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Roni da Gwiwa suna da abin da Kazaure ta fara rasawa, watau lokaci. A can abin lura shi ne mahaɗar hanyoyi, da kasuwar mako wadda takan malalo kan kwalta ranar cinta, da wuraren da burtali ya ƙetare titi. Wanda ya toshe mashigar shanu da shago ya sayi rigimar da ba a san ranar ƙarewarta ba. Babura kuwa cinikinta yana kallon arewa. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, masu sana'ar bakin hanya a yankin iyaka sun ɗanɗana kuɗarsu. Garin da cinikinsa yake hawa da sauka haka, zango yake bukata, fili mai faɗi a bayan hurumi inda manyan motoci za su kwana, da ruwa da makewayi da masallaci, masu abinci da makanikai su kewaye shi.

A nan ne nake saɓa wa masu ganin cewa katafila ita ce maganin abin. Mai tsire bai zo bakin titi domin taurin kai ba, ya zo ne domin nan mai saye yake. In aka kore shi ba a nuna masa wani wuri ba, zai dawo kafin ƙura ta lafa. Kakanninmu da suka hana fatake kwana a gwadabe sai da suka ba su zango tukuna. Saboda haka shawarata ga Hukumar Raya Birane da ƙananan hukumomin nan ita ce a tara kasuwanci a dunƙule a wurare ƙididdigaggu, a yi shi da zurfi zuwa ciki maimakon tsawo a bakin kwalta, kowane dunƙule da ƙaramar hanyarsa da mashigarsa ɗaya, tsakanin dunƙule da dunƙule kuwa a bar gona ta ci gaba da zama gona. A ware wa ƙananan 'yan kasuwa rabonsu tun a takarda, domin in an bar abin ga mai tsada, dokin mai baki ne zai fi gudu.

Masu rumfar kara da suke fitowa da kaka, masu kankana da rake da tumatir, ba sai an yi yaƙi da su ba. Bahaushe ya san bambancin saye da aro a sha'anin ƙasa. A ba su can ƙarshen hurumi aro, nesa da kwalta, a rubuta a jikin rasit ɗinsu da Hausa, boko da ajami, cewa wannan wuri aron hanya ne, ba a kafa bulo, ba a sayarwa, ba a gado, ranar da hanya ta bukaci abinta za a tashi ba diyya. Mutumin da aka gaya wa haka tun farko ba zai zuba gumin shekara goma a wurin ba.

Sauran aikin mai arha ne. A kafa turaku na siminti a kan layin yadi 50 tun aikin hanya bai ƙare ba, a rubuta hurumin hanya a jikinsu, a yi shela a rediyo da masallatan Juma'a da ranar kasuwa. Hanyar ta ratsa jiha uku, Kano da Jigawa da Katsina, yankin da muke magana a kai kuma yana ƙarƙashin masarauta biyu, domin Kazaure da Roni da Gwiwa na Masarautar Kazaure ne, Babura kuwa ta Ringim ce, saboda haka sai an zauna tare kafin awo ya zama ɗaya. Ga iyayenmu dagatai da masu unguwanni da suke nan kuwa, ina da roƙo guda. Duk takardar cinikin filin da yake kallon titi, kada a sa mata hannu sai an ja igiya daga tsakiyar kwalta a gaban mai saye da mai sayarwa da shaidu, a rubuta adadin yadin da aka samu a jikin takardar, kusa da kuɗin da aka biya.

Shugaba, a nan zan dakata, domin na ga safiyoyi suna ta rubuce-rubuce, na san akwai tambayoyi.